Gora Ko Kwale-kwale: Yadda Masunta Ke Shiga Ruwa Da Kayan Sana'a

A ƙasar Kazaure da Roni da Gwiwa, har zuwa Babura, wato yankin da ya koma Jihar Jigawa a 1991, kowane masunci yakan tsaya ya yi shawara kafin ya sa ƙafa cikin ruwa, domin yadda ya ɗauki kayansa shi zai nuna ko zai komo gida lafiya.

Wanda ke su shi kaɗai da koma, galibi gora yake zaɓa. Yakan kifa cikinsa a kai, ya riƙa tuƙi da ƙafafu, hannuwansa kuwa suna riƙe da koma. Goran nan shi ne jirginsa, shi ne kuma ma'ajinsa, gama duk tarwaɗa ko karfasar da ya kama ciki zai jefa. Sai dai gora ba ya ɗaukar kaya da yawa, in kuwa ya tsage a tsakiyar ruwa, sai wani ikon Allah.

Mai taru kuwa tilas ya nemi kwale-kwale, saboda taru in ya jiƙe nauyinsa ya fi ƙarfin mutum guda. Akan naɗe shi a tsakiyar jirgi don kada ya karkata. Shi ma mai mamari yakan jera ƙugiyoyinsa ɗaya bayan ɗaya, kada su sarƙe ko su kama masa tufa.

Abin da manya ke jan kunnen yara a kai shi ne, kada a kuskura a ɗaura igiyar taru ko ta mamari a ƙugu. In ta maƙale a kututture can ƙarƙashin ruwa, da mai ita za ta nutse.