Waƙafi a Harɗaɗɗiyar Jimlar Ingilishi

Daga cikin alamomin rubutu babu wadda ake yi wa riƙon sakainar kashi kamar waƙafi. Abin da aka saba gaya wa ɗalibi shi ne ya sa waƙafi inda zai ja numfashi. Wannan bayani yana da asali, domin tun farko an ƙago alamomin ne don a taimaki mai karatu a bayyane, kafin siffar waƙafin da aka sani yau ta zauna a maɗaba'ar Aldus Manutius, a birnin Benis na ƙasar Italiya, wajen ƙarshen ƙarni na 15. Amma a rubutaccen Ingilishi, musamman a harɗaɗɗiyar jimla, ginin jimla ne yake kawo waƙafi. An ce Ingilishi a nan maimakon Turanci, saboda a bakin mutanen Nijar da yawa Turanci yana nufin Faransanci.

Harɗaɗɗiyar jimla ita ce wadda ta ƙunshi ganga biyu ko fiye, kowace da aikau nata da aikatau nata, ta yadda za ta iya tsayawa ita kaɗai a matsayin jimla. Ingilishi yana da mahaɗai 7 da suke ɗaure irin waɗannan gangunan: and, but, or, nor, for, so, yet. Ƙa'idar gajera ce. Idan ɗaya daga cikinsu ya shiga tsakanin tsayayyun ganguna biyu, sai a sa waƙafi kafin mahaɗin. Haka William Strunk ya tsara ta a littafinsa The Elements of Style na 1918, wanda E. B. White ya sake dubawa a 1959, kuma littattafan koyarwa na Amurka sun bi shi. Marubutan Ingila sun fi sassauci, sukan bar waƙafin idan ma'ana ta fito ba tare da shi ba.

Dalilin ƙa'idar ya fi bayyana da misali. A dubi wannan jimla:

Musa sold the goat and his brother bought millet.

Mai karatu yana isa ga kalmar brother sai ya ɗauka Musa ya sayar da akuya da ɗan'uwansa gaba ɗaya. Sai ya ci karo da bought sannan ya gane wata sabuwar ganga ce ta fara, ya koma baya. Waƙafi ɗaya bayan goat ya isa ya hana wannan tuntuɓe. Tushen matsalar shi ne and tana aiki iri biyu: tana haɗa suna da suna, tana kuma haɗa ganga da ganga. Waƙafin ne yake sanar da ido wane aiki take yi a wurin. Haka kuma for, wadda take zuwa da ma'anar "domin" a wani wuri, da ma'anar "saboda" a wani.

Wannan ruɗani ba ya aukuwa a Hausa. Kalmar "da" tana haɗa sunaye, a ce akuya da ɗan'uwansa, amma ba ta haɗa jimla da jimla. Bahaushe cewa zai yi: Musa ya sayar da akuya, ɗan'uwansa ya sayi hatsi. Ya jera gangunan biyu kafaɗa da kafaɗa, idan ya ga dama ya ƙara "kuma" ko "sai". Wannan Hausa ce ingantacciya, ba ta da aibi. To, amma idan ɗalibi ya kwashe wannan gini ya kai shi Ingilishi, ya raba tsayayyun ganguna biyu da waƙafi kaɗai ba mahaɗi, ya faɗa cikin kuskuren da malaman Ingilishi suka fi tsangwama. Gyaransa hanya uku ce: a ƙara mahaɗi bayan waƙafin, ko a sa waƙafi mai ruwa, ko a sa aya a fara sabuwar jimla.

Ɗalibin Nijar yana da wani nauyi na biyu. Yana fara Ingilishi ne a kwaleji, bayan ya yi shekaru yana rubuta Faransanci, shi kuwa Faransanci ya yarda a jera ganguna da waƙafi kaɗai, kuma galibi ba ya sa waƙafi kafin et. Ke nan al'adu biyu da yaron ya zo da su, ta gida da ta lakwal, duka sun saɓa wa ƙa'idar Ingilishi. Malamin da ya ja jan alƙalami a takardar jarrabawa ya ce rashin kula ne bai yi wa yaron adalci ba. Yaron ƙa'ida yake bi, sai dai ta wani harshe ce.

Akwai wani wuri da ya fi wannan wuyar ganewa. Idan aikau ɗaya ne ya yi ayyuka biyu, Ingilishi ba ya maimaita shi, kuma ba a sa waƙafi:

Musa sold the goat and bought millet.

Abin da ya biyo bayan and a nan ba ganga ce tsayayya ba, don ba ta da aikau. A Hausa kuwa kowane aikatau yana tafe da ɗan wakilinsa mai nuna mutum da lokaci: ya sayar, ya sayi. Saboda haka mai Hausa yana jin kowane aiki kamar cikakkiyar jimla, bambancin da Ingilishi ya ɗora ƙa'idarsa a kai ba ya fito masa da sauƙi. Gwajin da ya fi amfani a aji shi ne a rufe mahaɗin da duk abin da ya gabace shi, a karanta saura. Idan ya tsaya da kansa, a sa waƙafi. Idan bai tsaya ba, a bari.

Togaciya ba ta da yawa. Ganguna gajeru ƙwarai, kamar He cooked and she ate, ana iya barinsu ba waƙafi. Kalmomi irin however da therefore kuwa ba sa cikin mahaɗan nan 7, ko da yake ma'anar however ta kusa da ta but. Idan suka shiga tsakanin ganguna biyu, waƙafi mai ruwa ake sawa kafinsu, waƙafi bayansu.

Ga masu tsara littattafan yaƙi da jahilci batun yana da wata fuska. Taron Bamako na 1966, wanda UNESCO ta kira, ya duba baƙaƙen rubuta Hausa da wasu harsunan Afirka ta Yamma, amma daidaita baƙaƙe bai warware maganar alamomi ba. Akan ga mai fassara ya ɗauko tsarin waƙafin Ingilishi ko na Faransanci ya ɗora wa Hausa yadda yake. Wanda ya bi Ingilishi sai ya riƙa cusa "kuma" a kowace gaɓa don gudun jera ganguna, labarin ya yi nauyi, manomin da yake koyon karatu a Maraɗi ko Tawa ya ji abin bai yi kama da maganarsa ba. Jerin "ya tashi, ya ɗauki gatari, ya nufi gona" shi ne ƙashin bayan labarin Hausa, kuma waƙafi kaɗai ya ishe shi. Abin da ya rage a daidaita shi ne inda za a yanke irin wannan jeri da aya, da kuma ko "sai" da "amma" suna bukatar waƙafi kafinsu a kowane hali.