Jirgin faiba da ya koɗe: yadda ake dawo da fatarsa, da inda fenti ke zama yaudara

Gundumomin Tasawa da Mayahi a jihar Maraɗi ba su da kogin da ke gudu shekara cur. Gulbin Kaba da ya ratsa ƙasar Mayahi kwari ne na goruba da gonaki, tabkunan Tasawa kuwa damina ke cika su, rani ya shanye yawancinsu. Duk da haka, 'ya'yan yankin ba su rabu da jirgin ruwa ba. Masu zuwa cirani Kwatano sun koma tsallaka kogin Isa a kwale-kwale tsakanin Gaya da Malanville bayan rufe gadar kan iyaka a 2023. Waɗanda ke Legas suna shiga jiragen haya a kan ruwan birnin. A gida ma, ambaliyar 2024 da ta shafi mutum fiye da miliyan ɗaya a Nijar, wadda jihar Maraɗi na cikin inda aka fi asarar rayuka, ta nuna cewa gari na kan tudu zai iya wayar gari yana neman jirgin ceto.

Jirgin da hukumomi ke tallatawa yanzu kuwa na faiba ne. A Najeriya, bayan jerin haɗurra irin na Warra a jihar Kebbi a watan Mayun 2021, da na Bagwai a Kano a Nuwambar wannan shekara, da na Patigi a jihar Kwara a Yunin 2023 inda mutum fiye da 100 suka rasu, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta NIWA da ma'aikatar harkokin teku sun yi ta kiran a bar tsofaffin jiragen katako a koma na faiba.

Sai dai faiba ma yana tsufa, kuma tsufansa daga fata yake farawa. A ƙasa mai rana irin tamu, jirgin da ya zo yana walƙiya ba ya daɗewa yake komawa fari-fari kamar an barbaɗa masa toka. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin muni kawai. Ga mai jirgi, da mai niyyar sayen na hannu, da fasinjan da zai ba da ransa amana, maganar ta wuce kyan gani.

Mece ce fatar jirgin faiba?

Ana haɗa faiba ne daga abu biyu: zaren gilashi da aka saƙa ko aka shimfiɗa kamar tabarma, da wani ruwa mai kauri da ake kira rezin, wanda ke daskarewa ya yi ƙarfi. Fasahar ta samo asali a Amurka a shekarun 1930, kuma a shekarun 1940 aka fara ƙera jiragen ruwa da ita.

Ana yin jirgin ne a cikin mazubi, daga waje zuwa ciki. Abu na farko da ake fesawa shi ne rezin mai launi da masu sana'ar ke kira jelkot, sannan a bi shi da shimfiɗun zaren gilashi. Idan aka zare jirgin daga mazubin, jelkot ɗin ne ke waje. Shi ne fatar jirgi, kuma kaurinsa kusan rabin milimita ne, wato kamar takarda biyar a haɗe.

Wannan siririyar fata ita ke hana rana da ruwa kaiwa ga zaren gilashin da ke ɗauke da nauyi. Hasken rana yana cinye rezin ɗin da ke samanta sannu a hankali, ya bar garin launi tsirara. Garin nan shi ne wanda ke maƙalewa a tafin hannu idan an shafa tsohon jirgi. Ja da shuɗi da baƙi sun fi saurin nuna koɗewa, fari ya fi jurewa. Fatar da ta kai wannan hali ta zama mai ƙananan ƙofofi, tana shan datti da mai da ruwa. Idan aka bar ta, sai ta tsattsage, ruwa ya sami hanya.

Zafin watannin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke wuce digiri 40 a Maraɗi, da ƙurar hunturu mai goge komai kamar samfefa, suna gaggauta wannan lalacewa. Jirgin da ke aiki wata uku ya kwana wata tara a fili, kamar yadda duk jirgin tabki ko na ceto zai yi a Tasawa ko Mayahi, rana ce ke cinye shi, ba ruwa ba.

A duba kafin a taɓa

Gwaji na farko ba ya cin ko dala. A zuba ruwa a gefen jirgin. Idan launin ya dawo yana sheƙi muddin wurin na jiƙe, akwai sauran fata mai lafiya a ƙarƙashin garin, kuma goge zai fito da ita. Idan ya zauna a dushe, ko ana hango saƙar zaren gilashi ta ciki, fatar ta ƙare a wurin.

Gwaji na biyu na kunne ne. A ɗauki kwabo ko ƙotar sukudireba a bi jikin jirgin ana ƙwanƙwasawa. Wuri mai lafiya yana ba da sauti tsantsa. Inda sautin ya mutu kamar an bugi ɓawon kabewa, shimfiɗun ciki sun rabu ko ruwa ya shige su.

Sai tsaga. Ƙananan tsagogi masu kama da saƙar gizo-gizo galibi a fata suka tsaya. Amma tsagar da ta taru a kusurwa, ko kewaye da inda aka ɗaura inji, ko wadda ke buɗewa idan an danna, tana nuna cewa jikin jirgin yana lanƙwasa fiye da kima. Bangon baya, inda inji ke rataye, ya fi ko'ina haɗari, domin a jirage da yawa katako ne a tsakiyarsa aka lulluɓe da faiba. Ruwa na bi ta ramukan kusoshi ya ruɓar da katakon, waje kuwa lafiya lau. Idan aka girgiza injin aka ga bangon yana motsi, wannan jirgi ba goge yake buƙata ba.

A ƙasan jirgin da ya daɗe cikin ruwa akan ga bororo kamar na ƙuna. Idan aka fasa, ruwa mai warin tsami ke fitowa, kuma yana iya cutar da ido. Irin wannan sai an buɗe shi, an wanke, an bar shi ya bushe na makonni kafin a cike.

Yadda ake gogewa

Idan gwaje-gwajen sun nuna fata ce kawai ta koɗe, aikin yana hannun duk wanda ya taɓa gyaran jikin mota.

Ana farawa da wanki da sabulu da ruwa mai yawa, domin ƙwayar yashi ɗaya da ta rage za ta bar zane a duk inda aka goga. Sai a share maiƙo da tsohon kaki da tsumma mai asiton.

Idan koɗewar ba ta yi nisa ba, man goge mai ɗan kaushi, irin na masu fentin mota, ya isa. Idan ta yi nisa, sai samfefar ruwa. Ana farawa da lamba 800 ko 1000, a koma 1500, a ƙare da 2000. Yawan lamba, yawan laushi. A naɗe samfefar a jikin ɗan katako ko roba mai faɗi, ruwa na zuba, hannu ba ya dannawa. Ruwan da ke gangarowa zai ɗauki launin jirgin, kuma wannan tunatarwa ce cewa fata ake ragewa, wadda ba ta tsirowa. A kusurwoyi da bakin jirgi ta fi siranta, don haka nan ake fara hudawa.

Daga nan sai injin goge mai hular ulu, yana juyi kamar 1,500 a minti ɗaya. A nan ne masu koyo ke yin ɓarna: suna ɗaura hular a kan girandar masu walda, wadda ke juyi kusan 10,000 a minti, sai zafi ya ƙona fatar nan take. Ana bin jirgin ne kaɗan-kaɗan, faɗin kamu biyu zuwa uku a lokaci guda, injin ba ya tsayawa wuri ɗaya. Bayan mai kaushi sai mai laushi, sannan a rufe da kakin goge. Wanda ya tsallake kakin ya yi aikin banza, domin sabuwar fatar da ya fito da ita tsirara take a gaban rana. A yanayinmu kakin ba ya wuce 'yan watanni, sai an sabunta.

Lokacin aiki ma yana da muhimmanci. Da sassafe ne, a inuwa, a ranar da ba ƙura. Man goge yana bushewa a jikin jirgi mai zafi kafin ya yi aikinsa.

Inda fata ta ɓalle

Ƙwarzane mai zurfi da ɓallewa ana cike su da sabon jelkot. Ana faɗaɗa bakin ramin kaɗan, a share da asiton, a dama jelkot da maganin daskarwa da ake kira MEKP, kashi 1 zuwa 2 cikin 100, wato kamar mililita 10 zuwa 20 a kilo ɗaya. A zafin bazara haɗin na iya daskarewa a kofi cikin 'yan mintoci, saboda haka kaɗan-kaɗan ake damawa. Jelkot na yau da kullum ba ya bushewa sarai idan iska na taɓa shi, shi ya sa ake rufe wurin da leda mai santsi har ya yi ƙarfi, sannan a goge ya daidaita.

Kayan nan ba abin wasa ba ne. Ɗigon MEKP a ido na iya makantarwa. Haɗa shi kai tsaye da sinadarin kobal mai gaggauta daskarewa na iya tayar da wuta. Tururin rezin yana sa jiri da ciwon kai, asiton yana kama wuta da sauri, ƙurar gilashi kuma tana sa ƙaiƙayi ta shiga huhu. Tabarau, safar hannu, abin rufe hanci da fili mai iska wajibi ne. Rezin kuma yana da wa'adi na 'yan watanni, zafi yana rage shi. Wanda zai saya daga nesa ya duba kwanan wata, ya buɗe gwangwanin ya tabbatar bai fara kauri ba.

Kyan ɗan maciji

Idan fata ta ƙare gaba ɗaya, mafita ita ce fenti, kuma wanda ya dace shi ne mai haɗi biyu na foliyuretan, bayan an gyara jiki an shafa share fage. Fentin mai na gida ba ya daɗewa yake ɓarewa.

Amma fenti yana da wata fuskar. Da gwangwani biyu ana iya rufe tsaga, da faci mara kyau, da bangon baya da ya ruɓe, jirgi ya fito kamar sabo. Mai sayen na hannu ya yi hattara da tsohon jirgi mai sabon fenti fiye da wanda ya koɗe a fili, domin koɗaɗɗen bai ɓoye komai ba. Ya leƙa ciki inda ba a fenta ba, ya taka daɓen ya ji ko yana lotsawa, ya ƙwanƙwasa, ya girgiza inji. Ɗan cirani da ke shirin aiko da kuɗi a saya masa jirgi ya yi haya, kada ya yanke shawara da hoton WhatsApp.

Haka kuma faiba ba ya maganin lodi fiye da kima, ko tafiyar dare, ko rashin rigar kariya, waɗanda su ne ake yawan ambata bayan kowane haɗari.

Sana'ar da ke da kasuwa a tudu

Ga matashin Tasawa ko Mayahi, tambayar ita ce ina zai yi aiki da wannan ilimi. Ruwa mafi kusa da ake kamun kifi sosai a jihar shi ne tabkin Madarumfa da ke kudu da birnin Maraɗi, wanda aka sa cikin jerin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar a 2019. Sai kogin Isa daga Yamai zuwa Gaya, da Yawuri da tabkin Kainji a Najeriya, da biranen gaɓar teku inda jiragen faiba suka fi yawa.

Amma faiba bai tsaya a jirgi ba. Ana yin wasu tankunan ruwa da shi, da gaba da bayan manyan motocin safa da yawa, irin masu bin hanyar ƙasa mai lamba 1 ta tsakiyar Tasawa. Hannun da ya iya cike ramin jirgi zai iya ɗinke fasasshen gaban mota. Abin lura biyu ne. Yawancin baƙaƙen tankunan da ake gani a kan gidaje na roba ne, ba faiba ba, kuma rezin ba ya kama su. Cikin tankin ruwan sha kuwa ba a shafa masa kowane rezin sai wanda aka yi domin haka.

Gyara yana da wata riba. Faiba ba ya ruɓewa kamar katako, ba a narkar da shi a sake ƙira kamar ƙarfe, ƙona shi kuma hayaƙi ne mai guba. Jirgin da aka yar zai zauna a bakin ruwa shekara da shekaru.

Mafi arhar kariya kuwa tana nan a kasuwannin yankin. Idan ruwa ya janye, a wanke jirgi, a shafa kaki, a kife shi a kan tsofaffin tayoyi, a kafa masa rumfar zana ko a lulluɓe shi da tabarmar kaba. Ƙaramar hukuma ko ƙungiyar masunta da ta karɓi jirgi kyauta ta sa kuɗin rumfar a lissafi tun ranar da aka miƙa mata shi, ta kuma ɗora wa mutum ɗaya alhakin duba shi kafin ruwan farko ya sauka.