Hayabusa: Babur Mai Son Kulawa

A 1999 kamfanin Suzuki na Japan ya fito da Hayabusa, babur mai injin cc 1,299 da ke wuce kilomita 300 a awa a lokacin. Ƙarfin nan kan sarƙa yake ƙarewa, shi ya sa ake wanke ta, a shafa mata mai, a bar mata sassaucin milimita 20 zuwa 30. In ta ɗaure tamau, sai ta cinye haƙoran da take hawa.

Idan babur ya ƙi tashi, ƙwararren bakanike batir yake fara aunawa.

Masu tsere a Amurka kan ƙara tsawon ƙarfen da ke riƙe tayar baya, don kada gaba ya ɗaga. Sai dai dogon babur ba ya shan kwana da sauƙi.