Hoto Nawa Ne A Cikin Sakan Ɗaya Na Bidiyo?

A shirinmu na wannan mako mun taɓo wani ƙorafi da ya yi yawa tsakanin masu biki da masu ɗaukar bidiyo a New Bell da sauran unguwannin Hausawa na Duwala. An biya kuɗi, an kawo bidiyon kamu ko walima, sai ka ga bakin mawaƙi daban, muryarsa daban. Uwar amarya ta ce ba za ta cika sauran kuɗin ba, mai kyamara ya rantse kayansa lafiya lau. Sau da yawa lissafi ne kawai ya kuɓuce masa.

Ka ga bidiyo, ai hotuna ne tsayayyu da ake jerawa da sauri har ido ya ɗauka motsi ne. Kowane ɗaya 'yan sana'a na kiransa firam. Lambar da kake gani a wayarka kusa da fps tana nufin hoto nawa ke wucewa a sakan ɗaya. Fim ɗin silima 24 ne. Talabijin a Kamaru da Najeriya da Nijar 25 ne, don wutar lantarkinmu tana juyawa sau 50 a sakan. A Amurka wutarsu 60 ce, shi ya sa suka tashi da 30, kuma yawancin wayoyi da 30 ɗin suke zuwa.

To ga lissafin, ba wuya. In kana son yawan hotuna, ninka sakan da wannan lamba. Minti 10 sakan 600 ne. A kan 25, hotuna 15,000 ke nan; a kan 30, hotuna 18,000. In kuwa tsawon lokaci kake nema, raba yawan hotunan da lambar.

A nan rigimar take. A ce ka ɗauki wasan kamu na minti 10 da waya a kan 30, sautin kuma ka naɗe shi daban daga na'urar mai kiɗa. Wajen tacewa, kwamfuta ta karanta hotunan nan 18,000 a kan 25. Raba ka gani: sakan 720, wato minti 12. Sauti ya ƙare a minti 10, amarya na nan tana rawa ba kiɗa har minti 2. In kuma kwamfutar ta riƙe tsawon lokacin yadda yake, to dole ta zubar da hoto 5 a kowane sakan, sai motsi ya riƙa tsalle-tsalle.

Akwai kuma wata 'yar ɓoyayya. Abin da na'urori da yawa ke kira 30, a gaskiya 29.97 ne, tun 1953 da Amurka ta shigo da talabijin mai launi. Bambancin kamar ba komai, amma a awa ɗaya ya kai hoto 108, kusan sakan 3 da rabi. A dogon wa'azi ko karatun Maulidi, wannan ya isa ya raba baki da murya.

Shawara ita ce, tun kafin taro kai da abokan aikinka ku tsaya a kan lamba ɗaya. A nan Duwala 25 ta fi, musamman da dare, don hoto ba zai riƙa ƙyaftawa a ƙarƙashin fitilun zauren biki ba. In kana son shigowar amarya ta tafi a hankali, ɗauka a kan 50 ka nuna a kan 25: sakan 20 za su zama 40, sumul. Ka kuma duba lambar lokacin fitar da aiki, ko da a CapCut ne.

Kai kuma mai biki, kafin ka ba da kafin alƙalami, tambayi mai kyamara a kan nawa zai ɗauka, shi da yaransa. Sai mun haɗu a shiri na gaba.