Cokali shida da rabin cokali

Duk wanda ya taɓa ratsa titin Ado Bayero da hantsi ya san Singa ba wurin tsayawa kallo ba ce. Tirela na sauke buhunan sukari, 'yan dako na ihun "hanya, hanya!", mai baro na neman take maka ƙafa, ga mai shago daga Haɗeja ko Maraɗi yana ƙirga katan-katan na taliya da sabulu yana duba takardar lissafinsa. Sunan kasuwar na keken ɗinki ne, amma abin da ake zuwa nema a cikinta na ciki ne. A nan ake sarin abin da daga baya zai koma ƙullin leda a kan teburin mai kayan miya a lungun Fagge. Hankalin kowa yana kan manyan kaya, wato shinkafa da fulawa da man girki, don su ne farashinsu ke hana magidanci barci. Ni kuwa ƙananan nake so mu duba, waɗanda ake saye da canjin da ya rage.

Mu fara da gishiri da sukari. Yaron da gudawa ta kama, ƙarewar ruwan jiki ce ke kashe shi, kuma tana da sauri: da safe yana wasa, kafin la'asar idanu sun zurma, maɗiga ta faɗa, kukan ma babu hawaye. A nan ne kaka za ta ce, "Ai haƙori ne, ku bar shi ya huta," uwa kuma ta rage ba shi ruwa, wai kada gudawar ta ƙaru. Allah ya san niyyarsu, amma wannan shi ne kuskuren da ya fi kowanne tsada.

Ga yadda abin yake. Ko a tsakiyar gudawa, hanji yana da wata ƙofa da ba ta rufewa, sai dai gishiri ba ya shigarta sai da rakiyar sukari. In sun shiga tare, ruwa sai ya bi su zuwa cikin jini. A 1971, lokacin yaƙin da ya haifi Bangladesh, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon da ke Indiya, ledojin ƙarin ruwa kuma suka ƙare. Wani likitan yara, Dilip Mahalanabis, ya sa aka riƙa haɗa gishiri da sukari a manyan durama, 'yan uwan marasa lafiya na ɗiba suna ba su da kofi. Mace-macen da suka kai kusan 30 cikin 100 suka sauko ƙasa da 4 cikin 100. Ba allura, ba na'ura.

Sirrin yana wajen awo, kuma a nan mutanenmu ke zamewa. Lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato leda biyu na fiya wata, ko ruwan da aka tafasa ya huce. Sukari ƙaramin cokalin shayi shida, a shafe, ba a cika shi ya yi tozo ba. Gishiri rabin wannan cokalin. A motsa, a ɗanɗana: kada ya fi hawaye gishiri. In gishiri ya yi yawa zai iya sa yaro jijjiga, in sukari ya yi yawa gudawar za ta ƙaru, shi ya sa lemon kwalba ba ya maye gurbinsa, duk da yadda ake son ba mara lafiya shi. Yaron da bai kai shekara biyu ba a ba shi rubu'i zuwa rabin kofi bayan kowace gudawa, da cokali, a hankali. Wanda ya fi haka rabin kofi zuwa kofi guda. In ya yi amai a jira minti goma a ci gaba. Nono kada a tsayar. Abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo.

Wanda ake sayarwa a kemis cikin 'yar takarda, ORS, ya fi na gida, domin an auna shi kuma yana da sinadaran da gishirin miya ba shi da su. A haɗa da ƙwayar zinc na kwana 10 zuwa 14, ko da gudawar ta tsaya. A ajiye ORS guda biyu a gida. Amma in yaro ya kasa sha, ko amai ya ƙi tsayawa, ko aka ga jini a kashinsa, ko ya yi laƙwas ba ya gane mutane, ko kuma gudawar ta zama kamar ruwan wankin shinkafa, to an wuce aikin gida. A nufi asibiti ana ba shi ruwan a hanya. Mutanen Fagge da Sabon Gari ga Asibitin Zana kusa da su. Mun ga abin da kwalara ta yi a 2021, lokacin da fiye da mutum 100,000 suka kamu a Najeriya, sama da 3,000 suka rasu, Kano da Jigawa da Bauchi kuma suna cikin jihohin da abin ya fi shafa.

Gishirin kansa yana da wani amfanin a ɓoye. Manya za su tuna yadda maƙoƙo ya yi yawa a wasu garuruwa a da. Tun farkon shekarun 1990 doka ta tilasta sa aidin a gishirin ci a Najeriya, kuma amfaninsa bai tsaya a wuya ba, domin ƙwaƙwalwar ɗan da ke ciki tana buƙatarsa. Sai dai aidin yana gudu in an bar gishiri a buɗe a rana ko a laima, don haka a zuba shi a gwangwani mai murfi. Haka sukari da fulawa da man girki na kamfani: tun 2002 aka wajabta ƙara musu bitamin A, alamarsa ita ce hoton ido a jikin buhu ko galan. Man da aka ɗuro daga durom zuwa tsohuwar gorar ruwa, babu mai iya rantse maka abin da ke cikinsa.

Sabulu kuwa, ko na wanki ne mafi arha, wanke hannu da shi bayan fitowa daga bayi da kafin taɓa abinci yana rage gudawa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Abin da ke ba ni haushi shi ne kwanon wanke hannu na gidan biki, mutum goma su tsoma hannu a ruwa ɗaya, na ƙarshe ya wanke da dauɗar tara. Alhali ga buta. Wani ya zuba maka, ka zuba masa.

Sai maganar ruwa, tunda yawancinmu a hannun 'yan garuwa muke sha. Alif, wanda wasu ke kira alam, yana kwantar da laka ruwa ya yi garau, amma ba ya kashe ƙwayar cuta. Ido kawai yake gamsarwa. Tace ruwa da tsumma mai tsabta da aka ninka yana taimakawa, da shi ma aka yaƙi kurkunu har aka tabbatar Najeriya ta rabu da shi a 2013. Abin da ke kashe ƙwayoyin shi ne tafasawa ko kulorin. Akwai na ruwan sha musamman, irin su WaterGuard da Aquatabs, a bi awon da aka rubuta a jikinsu. In babu, bilicin wanki tsura, wanda ba a sa masa turare ko sabulu ba, ɗigo biyu zuwa uku a lita, a jira minti 30. Ɗigo na ce, ba murfi ba. Kuma kada a taɓa garwaya bilici da ruwan wanke masai ko wani sinadarin, don hayaƙin da ke tashi yana ƙona huhu, musamman a bayin da ba shi da taga.

To amma Bahaushe da ya ce araha ba ta ado ya san abin da ya gani. A watan Maris na 2021, ana gab da azumi, ɗaruruwan mutane a Kano suka kwanta asibiti da amai da jiri da fitsarin jini, wasu suka rasu, wasu ƙodarsu ta taɓu. Da aka bi sawu sai aka gano lemon da aka haɗa da garin ɗan tsami da hodar lemo da wa'adinta ya wuce. Hukumar NAFDAC ta ce wani garin da aka sayar da sunan ɗan tsami sinadarin masana'antu ne, ba na ci ba. Matan da suka saya suka ƙulla lemon sayarwa ba mugunta suka yi ba, sauƙi suka gani. Farin gari a leda ba shi da suna: ɗan tsami, alif, kanwa, bakin soda, duk kamanninsu ɗaya ne a idon mai sauri. Saboda haka in mai kaya ya ce maka, "Alhaji, ga wani mai sauƙi, ai duk ɗaya ne," ka ce ya nuna maka buhun da ya fito daga ciki. Ka duba sunan kamfani, lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi, ka kuma lura ko an kankare an sake bugawa. Ɗan kasuwar kirki ba ya fushi da wannan tambayar, kuma su ne suka fi yawa a Singa.

Haka fiya-fiya. Maganin ƙwarin gona ne, tun 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwannin gari, amma har yau ana yayyafa shi a ɗakin da jarirai ke kwana, ana zuba shi a buhun wake. Mafi muni, a juye shi a gorar lemo, shi da kalanzir da bilici, a tura ƙarƙashin gado, daidai inda hannun ɗan shekara biyu ke kaiwa. In tsautsayi ya sa yaro ya sha ɗaya daga cikinsu, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara. A ɗauke shi zuwa asibiti, a tafi da kwalbar don likita ya ga abin da ya sha.