Dalilin Da Ya Sa Shazam Ba Ta Gane Wasu Tsofaffin Waƙoƙi, Da Yadda Ake Ceto Su

Masu amfani da manhajar Shazam sun saba kara waya kusa da lasifika, cikin daƙiƙa kaɗan sunan waƙa ya fito. Amma idan aka kunna wani tsohon kiɗan funk, soul ko disko daga kaset ko faifan garmaho, sau da yawa sai manhajar ta ce ba ta samu komai ba. Wannan ba laifin waya ba ne, kuma ba matsalar data ba ce.

Shazam, wadda ta fara aiki a Birtaniya a 2002 kafin Apple ya saye ta a 2018, ba ta sauraren waƙa irin yadda ɗan Adam ke yi. Tana ɗaukar guntun sauti, ta tsinci wuraren da amo ya fi ƙarfi da tazarar lokacin da ke tsakaninsu, ta mayar da su lambobi masu kama da zanen yatsa. Sai ta kwatanta su da waɗanda ke cikin rumbun bayananta. Waƙar da babu wanda ya taɓa shigar da ita rumbun, manhajar ba ta da abin kwatantawa. Ke nan dole wani ya fara nemo kaset ɗin ko faifan, ya juye shi a kwamfuta.

Labarin Ata Kak, mawaƙi ɗan ƙasar Ghana, ya nuna yadda hakan ke faruwa. Ya naɗi kundin kiɗan rawa mai suna Obaa Sima a Toronto ta ƙasar Kanada, aka fitar da shi a kaset a 1994, kwafi kusan 50 kacal. A 2002 wani Ba'amurke, Brian Shimkovitz, ya sayi ɗaya a bakin titi a Cape Coast. Ya ɗora shi a intanet a 2006, ya kwashe shekaru yana cigiyar mawaƙin, sannan kamfaninsa Awesome Tapes From Africa ya sake fitar da kundin a 2015. Asalin naɗin ya riga ya lalace, don haka da wancan kaset na bakin titi aka yi aikin.

Haka ta faru a Nijar. Mamman Sani ya naɗi kiɗansa na ogan mai lantarki a Yamai a 1978. Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds ya ci karo da kaset ɗin, aka sake fitar da shi a 2013, kuma daga nan aka fara gayyatar makaɗin wasa a Turai.

Juye kaset ba ya buƙatar sutudiyo. Abin da ake nema shi ne rikoda mai lafiya, wayar sauti, ƙaramar na'urar shigar da sauti ta USB, da manhajar Audacity wadda kyauta ce. A fara goge kan rikodar da auduga da sifirit, a gwada ta da kaset marar muhimmanci, domin rikodar da ke cin zare tana iya halaka kwafi ɗaya tilo da ya rage. Zaren kaset yana tafiya ne santimita 4.76 a daƙiƙa. Idan robar da ke juya injin ta saki, murya za ta ja ko ta yi rawa, kuma haka za ta shiga kwamfuta. Faifan garmaho kuwa yana juyawa sau 33 da sulusi ko sau 45 a minti, kuma sautin allurarsa yana da rauni, sai an bi da shi ta na'urar ƙara ƙarfi ta musamman kafin ya isa kwamfuta.

Wajen ajiya, a naɗa a kan 44.1 kHz da bit 16 ko sama da haka, a adana a WAV ko FLAC. Minti ɗaya na WAV yana cin kusan MB 10, FLAC kuma yana rage nauyin ba tare da zubar da komai ba. MP3 na rabawa ne kawai, saboda yana yar da wani ɓangare na sautin da ba ya dawowa. A ɗauki hoton bangon kaset gaba da baya, a rubuta sunan mawaƙi, shekara da kamfani a jikin fayil. Shafin Discogs, wanda aka kafa a 2000, yana taimakawa wajen tantance waɗannan bayanai. Fayil mai suna "Track 01" da ke yawo a WhatsApp ya raba waƙa da mai ita.

Sayen kaset bai ba mutum haƙƙin mallakar waƙar ba. Ɗora ta a YouTube ba izini yana iya sa a sauke bidiyon, kuma ko ba a sauke ba, mawaƙin ko iyalansa ba sa samun ko sisi. Hanyar da ta fi ita ce a nemo mai waƙar ko magadansa, a yi yarjejeniya a rubuce, sannan a fitar da ita a dandali irin Bandcamp inda mai saurare ke biya kai tsaye.

Zafi, danshi da ƙura suna cin zaren kaset a hankali, rikodoji masu lafiya kuma sai ƙara wuya suke yi a kasuwa. Duk wanda ke da kwalin kaset a gida, gara ya fara da waɗanda bai taɓa ganinsu a intanet ba, ya kuma ajiye kwafi biyu a wurare daban-daban.