GYARAN TSOFAFFIN GIDAJE DA ƘARA MUSU GINI
Bayani ga Hakimai da Magatakardansu

An shirya wannan takarda domin hakimai da magatakarda na ƙasashen Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, saboda yawan tsofaffin soraye da ake rushewa da sunan gyara. Tun wajen 1819 da Ɗantunku ya kafa sarautar Kazaure ake gina zauruka da masallatai na ƙasa a wannan yanki. Wanda aka rushe daga cikinsu ya tafi ke nan, domin maginan da suka iya bakan gizo da daurin guga sun yi ƙaranci ƙwarai.

Abin da ke kashe ginin ƙasa

Ba tsufa ke kā da soro ba, ruwa ne. Ta hanya uku yake shigarsa: ta rufi idan daɓe ya tsage, ta indararo idan ya toshe ko ya yi gajarta, da ta gindin bango inda ruwa ya kwanta. A Kazaure da Roni, inda ruwa ke gangarowa daga duwatsu da ƙarfi, gindin bango ne abin tsoro. A wajen Babura kuwa rairayi ya yi yawa, don haka sai an zaɓi ƙasar gini mai danƙo, in ba haka ba yaɓe ba ya kamawa. Bayan ruwa sai gara, wadda danshi ke jawowa.

Maganin wannan sananne ne tun kaka da kakanni. Kowace shekara, kafin ruwan farko, a hau rufi a toshe tsaga, a share indararo, a gyara rawani da zankwaye, a tayar da dakali a gindin bango, a buɗe wa ruwa hanya. Makuba, wadda ake yi da ɓawon ɗorawa, da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina, su ne rigar ruwan ginin ƙasa.

Kuskuren siminti

Mutane da yawa suna tsammani idan sun shafe bangon tubali da siminti sun huta da yaɓe. Ba haka ba ne. Bangon ƙasa yana shan danshi da damina, ya fitar da shi da rani. Siminti ba ya kama ƙasa sosai, da zarar ya tsage sai ruwa ya shige bayansa ya rasa mafita. Daga waje bango sumul, daga ciki ya jiƙe, har ranar da zai zube gaba ɗaya, wani lokaci da mutane a cikin ɗaki. Ƙa'ida ita ce, abin da aka gina da ƙasa a gyara shi da ƙasa. Idan azara ta ruɓe a sāke ta da azarar giginya, a tokare rufin tukuna kafin a zare ta.

Ƙarin gini

Iyali na ƙaruwa, ba kuwa wanda zai hana mai gida ƙara ɗaki. Amma akwai sharuɗɗa huɗu:

1. Kada a ɗora benen bulo a kan tsohon bango, domin ba a yi tushensa don wannan nauyi ba.
2. Sabon ɗaki ya tsaya a kan tushensa daban, ko da ya jingina da tsohon.
3. Kada kwanon sabon ɗaki ya zuba ruwa a kan tsohon soro ko a gindinsa.
4. Kada a fasa babbar ƙofa ko taga kusa da ƙafar bakan gizo. Azara ba ta ɗaukar rufi fiye da wajen ƙafa 6 sai da tallafi, bakan nan shi ne tallafin.

Ya fi kyau a yi ƙarin a cikin gida, a bar zaure da fuskar gida yadda suke.

Darasi daga wasu wurare

Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, an kewaye shi da sabon ginin siminti a shekarun 1970. Bakunan ciki sun tsira, amma siffarsa ta waje ta ɓace. A Jenne ta ƙasar Mali kuwa, masallacin ƙasa da aka gina a 1907 yana nan tsaye, saboda mutanen gari suna fitowa gayya su yaɓe shi kowace shekara. Haka kuma a 2013 Hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin Agadas cikin kayan tarihin duniya saboda gininsa na ƙasa.

Doka da aikin hakimi

An kafa dokar kayan tarihi a Nijeriya a 1953, aka sāke ta a 1979 da kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa. Ginin da aka ayyana a ƙarƙashinta, kamar Gidan Makama na Kano, ba a rushe shi ko a sāke masa fasali sai da izninta. Amma yawancin tsofaffin gidajen gundumomi ba su cikin wannan lissafi. Tsaronsu yana wuyan masu su da shugabanninsu.

Saboda haka ana roƙon kowane hakimi ya sa magatakarda ya rubuta tsofaffin gine-ginen gundumarsa, da wanda ya gina su, da halin da suke ciki, a ɗauki hotonsu. Dagatai da masu unguwanni su riƙa kawo labari kafin a sa wa irin wannan gini gatari, a nemi shawarar Sarkin Magina. Hakimin da ya fara da zauren gidansa, ba zai sha wahalar jawo hankalin talakawansa ba.